Tsohon jirgin ƙyalle a Legas: na faiba, na katako, ko mai ciki biyu?

Wanda ke bi ta gadar da ta haɗa Onikan da Victoria Island a ƙarshen mako yakan hango ƙananan jirage masu ƙyalle suna kai da komo a kan ruwa, babu inji, iska kaɗai ke tura su. Da yawansu daga Lagos Yacht Club suke fitowa, kulob ɗin da aka kafa tun 1932. Waɗanda ba a hangowa daga kan gada su ne na yashe: wani a kife a bayan gida a Ikoyi, wani a ƙarƙashin tamfol a Apapa, wani kuma yashi ya fara binne shi a Tarkwa Bay saboda mai shi ya bar ƙasar ko ya daina sha'awa. Irin waɗannan ne mai son koyon tuƙi da iska zai iya samu da sauƙin kuɗi, wani lokaci ma kyauta, in dai zai kwashe.

Sai dai araha ba ta ado. Kafin a shiga kwatanta jiragen, akwai ƙa'ida guda da ta fi kowace nauyi a Legas: gangar jikin jirgi ana gyara ta a nan, amma kayan sama daga waje ake kawo su. Rezin (ruwan mannen da ake jiƙa faiba da shi ya daskare) da tabarmar faiba da samfefa da fenti duk ana samunsu a gari, kuma akwai masu aikin faiba da yawa, daga masu gyaran bambar mota har masu ƙera jiragen fasinja. Jigon alminiyam (doguwar sandar da ake ɗaga ƙyalle a kanta), ƙyallen da aka ɗinka daidai da ƙirar jirgin, allon tuƙi (na baya, wanda ake juya jirgi da shi) da ƙarafunansa, kurayen igiya, waɗannan sai da dala da kuɗin dako da na kwastan. Jirgi mai mummunan jiki wanda kayansa suka cika ya fi mai sheƙi wanda ba shi da jigo. Duk hukuncin da ke ƙasa a kan wannan ya dogara.

Laser, jirgin mutum ɗaya

Bruce Kirby, ɗan Kanada, shi ya zana Laser, aka fito da shi kasuwa a 1971, kuma tun 1996 ake tsere da shi a gasar Olamfik. Yanzu a hukumance ILCA ake ce masa. Tsawonsa mita 4.2 ne, nauyin gangar jikinsa wajen kilo 59, wato mutum biyu za su ɗora shi a kan rufin mota. Ga wanda ke zaune a Agege ko Idi-Araba kuma bai da wurin ajiya a bakin ruwa, wannan kaɗai babban dalili ne. Jigonsa gida biyu ne, ana zura ɗaya cikin ɗaya, a cusa a wani rami da ke saman jirgin, ba waya ko ɗaya da ke riƙe shi. Ƙyalle ɗaya, allon tsakiya ɗaya (wanda ake zurawa cikin ruwa ta ƙasan jirgi don kada iska ta tura shi gefe), allon tuƙi ɗaya. Abin da zai lalace kaɗan ne.

Amma abin da ke lalacewar yana ɓoye, don haka kada a saya sai an yi gwaji huɗu.

Na farko, ramin jigo. Cika shi da ruwa har baki, ka bar shi minti 20. In ruwan ya sauka, gindin ramin ya tsage. Dalili shi ne yashi da ke shiga ramin, jigo yana juyawa a kansa yana ci kamar dutsen niƙa. In aka ƙyale, wata rana da iska mai ƙarfi ramin zai ɓalle, jigo ya faɗi ya yage saman jirgin. Gyaransa yana yiwuwa: a yanke ƙofar dubawa mai faɗin santimita 13 a gefen ramin, a kankare tsohon manne da ke gindinsa, a zuba efoksi (wani nau'in rezin) mai kauri, a naɗe da ƙyallen faiba hawa uku ko huɗu har ya kama ƙasan jirgin. Aikin kwana biyu ne, kuma da hannu ɗaya ake yin sa ta cikin ƙofar, da madubi da tocila.

Na biyu, nauyi. Zo da sikelin awon mutum guda biyu, ko ɗaya a auna gaba a auna baya a haɗa. In jirgin ya haura kilo 65 bayan an zubar da ruwan cikinsa, soson da ke tsakanin fatun faiba ya sha ruwa. Ana iya busar da shi ta buɗe ƙofa biyu a sa fanka na tsawon makonni, amma da wuya ya koma yadda yake.

Na uku, taushi. Danna tafin hannu da ƙarfi a inda mutum ke zama, gefe da gefe, da kuma daɓen da ake sa ƙafa. In ya lotsa ko ya yi ƙara kamar ana taka busasshen ganye, fata ta rabu da soso. Wuri kamar faɗin faranti ana huda shi da ƙananan ramuka, tazarar santimita 5, fatar sama kaɗai, a ɗura efoksi da sirinji, a danne da buhun yashi. In taushin ya mamaye gefe guda gaba ɗaya, bar jirgin, ko da kuwa mai shi ya rage kuɗi.

Na huɗu, yoyo. Toshe ɗan ramin numfashi da ke gaban wurin zama da salatif, ka hura iska da baki ko famfon keke ta ramin zubar da ruwa na baya, wani yana shafa ruwan sabulu a mahaɗar sama da ƙasa da kewayen ramin allon tsakiya. Inda kumfa ya tashi, nan ne. Kada a kuskura a yi amfani da injin bulkaniza. Iskarsa za ta iya raba jirgin biyu.

Wani alherin Laser shi ne jiki ɗaya yana ɗaukar ƙyalle iri uku: babba mai murabba'in mita 7.06, matsakaici mai 5.76, da ƙarami mai 4.7. Rabin jigo na ƙasa kaɗai ake canjawa. Mai nauyin kilo 60 zuwa 70 ya nemi matsakaici, kuma ko mai kilo 80 ne, in sabon koyo ne, matsakaicin zai rage masa kifewa. Aibinsa kuwa biyu ne. Yana da saurin kifewa, musamman in iska na bayansa, kuma ba ya ɗaukar manya biyu cikin walwala, saboda haka mai koya maka ba zai zauna kusa da kai ba, sai dai ya bi ka a wani jirgi yana ɗaga murya.

Na katako: GP14 da 'yan'uwansa

GP14 zanen Jack Holt ne na Ingila, a 1949. Tsawonsa mita 4.27, nauyin jikinsa wajen kilo 133, yana da ƙyalle biyu, kuma an yi shi ne don mutum biyu, ana ma iya ƙara yaro. Ana zama a cikinsa sosai kamar kwalekwale. Don koyo, samun kamarsa sai an tona: ba ya saurin karkata, malami yana gefenka, in iska ta mutu a ɗauki filafili a tuƙa zuwa gaɓa. Akwai shi na filawud, akwai na faiba, kuma bambancin nan ne ke yanke hukunci.

Jirgin filawud da aka yasar a Legas ya sha ruwan sama daga Afrilu zuwa Yuli, ya ɗan huta a Agusta, ya sake sha a Satumba da Oktoba. Ruwan daɗi da ya kwanta a ciki shi ke ruɓar da katako, fiye da ruwan gishiri, domin ƙwayoyin ruɓa sun fi son sa, ga zafi ga laima. In kuma a kan ƙasa aka ajiye shi, gara ta riga ka. Ɗauki sukuddireba ka bi waɗannan wurare kana dannawa: gindin akwatin allon tsakiya inda ya haɗu da ƙashin bayan jirgi (katakon da ya bi tsawon ƙasansa), kusurwoyin allon baya, ƙarƙashin katakon daɓe, da cikin akwatunan iska da ke hana nutsewa. Katako mai lafiya yana ƙin ƙarfe. Wanda ya ruɓe yana karɓarsa kamar dafaffiyar doya, ko da fentinsa na ƙyalli.

Ruɓa a tsakiyar falle ba abin tsoro ba ce. A yanke har sai an wuce ruɓar da santimita 10, a fere gefen tsohon da na sabon da gangare mai tsawon ninki 8 na kaurin filawud ɗin (kauri milimita 6, gangare milimita 48), a manne da efoksi. Ruɓa a gindin akwatin allo ko a ƙashin baya kuwa, wannan sake gina jirgi ne, ba aikin mai fara koyo ba.

Babbar wahalar ita ce samun filawud na gaskiya. Na ruwa ana yin sa da manne mai jure tafasa, ba rami a cikin hawansa, kuma ana buga masa lambar BS 1088. Tambari kaɗai bai isa shaida ba. Kafin ka sayi falle, karɓi guntu ka tafasa shi awa biyu, ka busar a rana, ka sake tafasawa. In hawansa ya fara buɗewa, na kabad ne. Ga sassan da ke buƙatar katako tsantsa, kafintocin kwalekwale na Makoko da 'yan katako na Mushin sun san abin da ke jure ruwa: loko, wanda a kasuwa ake kira iroko, da maɗaci. Obeche yana da sauƙin nauyi da sauƙin fiƙa, amma ba ya daɗewa a danshi. Loko yana da maiƙo, sai an goge fuskarsa da asiton, sinadarin cire maiƙo, kafin manne ya kama.

Akwai kuskure guda da ya kashe jiragen katako da yawa, kuma masu aikin faiba sukan ba da shawararsa da kyakkyawar niyya: a lulluɓe jirgin duka da faiba da rezin na foliyesta. Foliyesta ba ya kama katako da kyau. Bayan damina ɗaya ko biyu ya fara ɗagawa, ruwa ya shiga tsakani ya rasa mafita, katakon ya ruɓe a ɓoye, ga ƙarin nauyi. In za a lulluɓe, da efoksi ne da siririn ƙyallen faiba, kuma sai katakon ya bushe ƙarau.

Hukuncina a nan: GP14 na faiba mai cikakkun kaya shi ne mafi dacewa ga mutum biyu da za su koya tare, ko uba da ɗansa. Na katako kuwa sai ga wanda yake da rumfa mai rufi, da haƙurin watanni, da son aikin kafinta don kansa. Kuma kowanne ne, yana buƙatar tirela ko wurin ajiya a bakin ruwa, domin kilo 133 ba na rufin mota ba ne.

Hobie 16

Shi ne wanda ya fi jan ido, kuma yana cikin waɗanda aka fi gani a ruwan Legas. Hobie Alter na Kalifoniya ya fito da shi a farkon shekarun 1970. Ciki biyu ne masu lanƙwasa kamar ayaba, da shimfiɗa a tsakani. Tsawo mita 5.05, faɗi 2.41, nauyi wajen kilo 145, jigo ya ɗan haura mita 8. Ba shi da allon tsakiya, don haka yana hawa yashi kai tsaye, kuma ba ruwansa da wuraren da tafkin Legas ba shi da zurfi.

A tsohon Hobie, fara da danna saman kowane ciki a gaban ginshiƙin gaba da ke ɗauke da shimfiɗa. Nan ne yake taushi, kuma nan ne wurin da duk ƙarfin jigo ke bi. In ya yi laushi sosai, hancin na iya karyewa a kan ruwa. Duba ƙasan cikin biyu, domin jan sa a kan yashi yana cinye faiba har haske ya riƙa ratsawa. Wannan gyara ne mai sauƙi, a shimfiɗa zirin faiba hawa biyu ko uku a bi tsawonsa. Shimfiɗar tsakiya rana ke kashe ta, zaren ɗinki ke fara mutuwa, kuma masu ɗinkin tamfol da rumfa za su iya sake ta in aka ba su zaren foliyesta mai jure rana. Wayoyin da ke riƙe jigo kuwa, in ba a san shekarunsu ba a canja su duka, domin tsatsa tana ci ne daga cikin matsewar bakinsu inda ido ba ya gani. A toshe jigon kuma kada ya sha ruwa: jigon da ya cika da ruwa yana juya jirgin ƙafa sama bayan kifewa.

Ba na ba sabon koyo shawarar fara da shi. Yana da gudu, kuma gudu yana rage lokacin gyara kuskure. Juya hancinsa ta cikin iska yana da wuya, sau da yawa yakan tsaya cak ya fara ja da baya. In hancin cikin da iska ke dannawa ƙasa ya nutse yana cikin gudu, sai ya wuntsila gaba. In ya kife, mutum ɗaya mai matsakaicin nauyi ba zai tayar da shi ba, ana son nauyin mutum biyu, wajen kilo 130. A mashigar tashar Legas, inda ruwa ke ja da ƙarfi kuma manyan jirage ke wucewa zuwa Apapa da Tin Can, kifewar da ba ka iya tayarwa ba ƙaramin haɗari ba ne. Ga wanda ya yi shekara yana tuƙa ƙaramin jirgi, kuma yana da abokin tafiya na dindindin da wurin ajiya a kan yashi, Hobie ya cancanci kuɗinsa.

Yara 'yan ƙasa da shekara 15 kuwa, ƙaramin jirgin da ake kira Optimist ne nasu: mita 2.3, kilo 35, ba wata muhawara.

Aikin rezin a zafin Legas

Komai ka zaɓa, za ka gauraya rezin, kuma umarnin da ke jikin gwangwani yawanci don ƙasashe masu sanyi aka rubuta. Foliyesta ana sa masa hadina, sinadarin da ke daskarar da shi, mai suna MEKP, kashi 1 zuwa 2 cikin 100. A zafin digiri 30 tsaya a kashi 1, wato mililita 10 a kilo ɗaya, a auna da sirinji. In aka zuba da ido aka wuce, zai daskare a cikin kofi kafin minti 10, ya yi zafi har da hayaƙi. Gauraya gram 200 zuwa 300 a lokaci guda, a faranti mai faɗi, da sassafe ko bayan la'asar, a inuwa. Tabarmar faiba mai gram 450 a murabba'in mita tana shan rezin wajen ninki biyu da rabi na nauyinta, kusan kilo 1.1 ke nan. In ta yi fari ba ta jiƙu ba. In rezin na kwance a kanta kamar tafki, an ƙara nauyi ne ba ƙarfi.

Efoksi ya fi tsada amma ya fi kama tsohuwar faiba da katako. Ma'auninsa na kamfani ne, wani 5 da 1, wani 2 da 1, kuma ƙara hadina ba ya sa shi saurin bushewa, ɓata shi yake yi ya zauna da danƙo har abada. A laima yakan fitar da wani maiƙo a fuska bayan ya bushe; a wanke da ruwa da soson wanke-wanke kafin samfefa, in ba haka ba fenti zai ɓare. Rana tana cin sa, dole a rufe shi da fenti. Efoksi yana kama foliyesta, amma foliyesta ba ya kama efoksi yadda ya kamata, don haka a san wanda za a fara da shi. Ramin da ya huda faiba ana fere bakinsa da gangare ninki 12 na kauri kafin faci. Takunkumin hanci da tabarau da safar hannu wajibi ne, musamman ga MEKP, wanda ɗigo ɗaya a ido kan iya makantarwa.

Ƙarafa kuma: noti da sukuru su zama sitenles mai lamba 316, domin 304 yana fitar da tsatsa a ruwan gishiri. Duk inda sitenles ya taɓa jigon alminiyam a raba su da man kariya, in ba haka ba alminiyam ɗin zai zama farin gari a kewayen ribit. Farin garin nan shi za ka nema a tsohon jigo, tare da duba miƙewarsa ta hanyar murgina shi a daɓe.

Ruwan da za ka shiga

Yawancin shekara iskar Legas daga kudu maso yamma take zuwa, tana ƙaruwa bayan azahar. Jirgin ƙyalle ba ya fuskantar iska kai tsaye, mafi kusa da zai iya wajen digiri 45 ne, sai ya riƙa tafiya yana karkacewa hagu da dama. Saboda haka a fita ta ɓangaren da iska ke fitowa, ko a fara da tunkarar gudun ruwa, domin dawowa ta zo da sauƙi lokacin da aka gaji. Teku tana cika ta janye sau biyu a yini, kuma a mashigar tasha janyewar kan fi ƙarfin ƙaramin jirgi in iska ta yi rauni. Mai koyo ya nemi iskar da ba ta wuce kilomita 10 zuwa 18 a awa ba, ya sa rigar ceto, ya iya iyo, kuma a ce akwai jirgi mai inji a kusa. Darasin farko shi ne kifar da jirgin da gangan a wuri marar zurfi, a hau allon tsakiya a tayar da shi, sau uku ko huɗu. A hanyar manyan jirage doka ta hana ƙaramin jirgin ƙyalle tare musu hanya, su kuma jiragen fasinja na Ikorodu da Apapa gudu suke yi, kada a ɗauka sun gan ka. A farkon damina da ƙarshenta hadari kan taso daga gabas da iska mai tsanani cikin 'yan mintuna. Da ganin baƙin gajimare a can, a nufi gaɓa. Bayan ruwan sama ya rage gishirin tafki, ciyawar nan mai kama da kainuwa tana rufe hanyoyi, tana naɗe allon tsakiya da na tuƙi, sai an ɗaga su an kakkaɓe. A nan Hobie ya ɗan fi sauran sauƙi. A kan tudu kuma, kafin a ɗaga jigo ko a tura jirgi da jigonsa a tsaye, a ɗaga kai a duba wayar lantarki.

Lokacin saye da gyara shi ma yana da tasiri. Ka duba jirgi a Oktoba, sa'ad da duk wata ruɓa da yoyo suke a fili. Ka buɗe shi ya sha iska a Nuwamba, ka yi aikin rezin da fenti a Disamba da Janairu lokacin da hunturu ya rage laima, kana yayyafa ruwa a daɓe kafin fenti don ƙura ta kwanta. Kayan da za a kawo daga waje a yi odarsu tun ranar da aka sayi jirgin, domin su ne ke jinkiri. Iskar hunturu a Legas ba ta da ƙarfi sosai, ta dace da fitar farko, sai dai hazo yana rage gani, don haka a tsaya kusa da gaɓa.